KYANWA TA KWANA A GIDA KO A SAKE TA DA DARE?

Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Bungudu

 

Maganar da aka aiko ni da ita yau, wanda ya ji kanta kaɗai zai ce ba ta isa a tara manya dominta ba. Maganar kyanwa ce, wadda waɗansu su ke kira mage, mu kuwa nan mu kan ce mussa. In dare ya yi, mai gida zai sake ta ta tafi yawo ne, ko kuwa zai tsare ta a gida? Ina roƙo a yi haƙuri da ni kaɗan, gama a bayan wannan 'yar tambaya akwai hatsin da talakawanku suka sha rana suka noma, akwai cututtuka masu kisa, akwai kuma rigimar maƙwabta, wadda ta kan fara a zauren mai unguwa, in ta gagara ta je ga dagaci, in ta gagari dagaci ta iso gabanku.

Bari mu fara da dalilin zamanta da mu tun asali. Masana sun bi salsalar kyanwar gida, sun tarar daga kyanwar daji ta fito, irin wadda har yanzu a ke gamuwa da ita a dazuzzukan ƙasashenmu. Wajen shekara 10,000 da suka wuce, sa'ad da mutanen Gabas ta Tsakiya suka kama noma suna ajiye hatsi, sai ɓera ya bi hatsin, kyanwa ta bi ɓeran, mutum kuwa ya ga amfaninta ya ƙyale ta ta zauna. A tsibirin Kubrus an tone wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka tarar an binne mutum da kyanwa kusa da shi. Rumbu ne ya haɗa mu da ita, a bakin rumbu kuma ya kamata a auna maganarta.

Turawa ma suna wannan gardama, amma tasu dabam ce. Su abin da ya dame su shi ne kada mota ta take kyanwar, ko kuwa kada ta ƙarar musu da tsuntsaye. A Kanbera, babban birnin Ostareliya, har doka aka yi, cewa duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 ba za ta wuce harabar gidan mai ita ba, dare da rana. Ban kawo wannan don a kwaikwaya ba. Gidan Bature ciki ne da waje, ƙofa ɗaya ta raba su. Namu kuwa kashi uku ne: ga ɗakin kwana, ga tsakar gida inda madafi da rumbu da akurki su ke, sa'an nan ga bayan katanga ko danga, watau gari da juji da gonaki. Saboda haka in an ce waje, sai a tambaya wane waje. Shawarar da na zo da ita, kyanwa ta kwana a kashin tsakiya, kusa da hatsi, da cikinta a ƙoshe. Kada ta kwana a shimfiɗar yara, kada kuma ta kwana a gari.

Abin da ya ba maganar nauyi fiye da zamanin kakanninmu shi ne zazzaɓin Lassa. A watan Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba a asibitin Mishan na garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta a can ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta sha da kyar. Daga jinin waɗannan mata aka gane ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin. A 1970 likitar asibitin nan na Jos, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta bi su. Sai a 1972, da cutar ta ɓarke a Saliyo, aka kama namun gida da na daji aka gwada, aka gano mai ɗauke da ita.

Wani ɗan ɓera ne, ko kusu yadda mu ke cewa, wanda macensa ta ke da nonuwa jere a ciki, har su kan kai 24. Kada a ɗauke shi jaɓa mai dogon baki da wari, ko gafiya. Ana samunsa ko'ina a Afirka kudu da Hamada, a gona da cikin gida. Macen ta kan ɗauki ciki kwana 23 kawai, ta haifi goma ko fiye. Cutar ba ta kashe shi, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan tuwon da aka bari a buɗe, ko garin da aka shanya, ko ya yi fitsari cikin buhun gero, to, an shiga hatsari ke nan. Abu biyu na halinsa na ke so malamai su riƙe. Da dare ya ke fitowa. Kuma in an gama kaka, daji ya bushe, aka sa masa wuta, sai ya yiwo cikin gidaje inda abinci ya koma. Wannan yana cikin dalilan da suka sa cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka kamu, 4 ba su jin kome, ko kuwa abin ya tsaya musu ɗan zazzaɓi. Na biyar ɗin ne ya ke shan wuya, cutar ta taɓa hanta da saifa da ƙoda. Cikin waɗanda aka kwantar da mai tsanani, wajen 15 cikin 100 su kan rasu, waɗanda suka tashi kuwa wajen 1 cikin 4 su kan sami kurumta. Mai tsohon ciki ta fi kowa hatsari, ita da abin da ke cikinta. A 2018 an tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 600 a Nijeriya, fiye da 170 suka rasu, a 2020 kuwa waɗanda aka tabbatar sun haura 1,000. Ondo da Edo da Bauci da Taraba ta fi yi wa ɓarna. Amma kada mu ce nesa ne. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu da ita a Kano, ɓeran kuwa ba ya bukatar a kawo mana shi daga wani wuri.

Ga kuma abin da kuka fi ni sani. Tun da rashin tsaro ya addabi Zamfara, manoma da yawa sun daina barin hatsi a rumbun gona ko na bayan gida, don tsoron a kwashe ko a cinna masa wuta. Sai a sussuke, a ɗura a buhu, a jibge a ɗakin da a ke kwana. Waɗanda suka taso daga ƙauyuka suka shigo Bungudu da Gusau da Tsafe kuwa, sau da yawa ɗaki ɗaya ne wurin kwana da ajiya da cin abinci. Ba mai ganin laifinsu. Amma inda buhu ya tafi nan ɓera ya ke bi, ya zama yanzu yana kwana inda yara su ke kwana.

To, cikin hanyoyin tsare gida daga wannan cuta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa, tare da rufe hatsi da kai shara nesa, akwai ajiye kyanwa. Watau ma'aikaciya ce, lokacin aikinta kuma dare ne. Ranku shi daɗe, wane ne a cikinku zai ajiye mai gadi, ya ci tuwonsa, in an yi sallar lisha ya tafi gadin gidan wani?

Rashin gadi ba shi kaɗai ne hasarar ba. Kyanwar da ta tsallake katanga ta kan faɗa gidan da aka zuba shinkafar ɓera, ta tarar da ɓeran da ya ci yana tangaɗi, ta kama a sauƙaƙe, ta ci, guba ta kashe ta tare da shi. Ta kan je juji ta ci mushen kaza. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a Jihar Kaduna a 2006, tana kama kyanwa ta wannan hanya. Ta kan kuma gamu da yara masu jifa, ko manya masu cewa baƙar kyanwar dare mayya ce. Wannan zance ba shi da tushe, amma ya kashe kyanwoyi da yawa, ya kuma ɓata sunan tsofaffin da ba su san hawa ba balle sauka.

Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Sunan ya kan ruɗi mutane su zaci kare kaɗai ya ke kamawa. Gaskiya ne kusan duk mutanen da ya ke kashewa a duniya, wajen 59,000 kowace shekara, daga kare suka samu, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Amma yana kama kyanwa, da dila, da jaki, da saniya. Kyanwa ta yi faɗa da karen da ba shi da mai shi cikin dare, ta komo da asuba da ɗan rauni a ƙarƙashin gashi, ba wanda ya gani. Bayan makonni sai halinta ya sake, mai lafiyar nan da a ke yi wa kirarin kyanwar Lami ta koma cizo da yaƙushi. Wanda ta fara samu kuwa galibi yaron da ya saba ɗaukarta ne. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da ruɗewa, kusan ba a tashi. Kafin su bayyana kuwa allura tana hana shi sarai.

Sai rigimar kaji, wadda ita ce ta fi zuwa gabanku. Hausawa sun ce baƙin jinin muzuru, mai kaza zagi, marar kaza zagi. Da gari ya waye aka rasa 'yan tsaki, muzurun maƙwabci a ke fara kira, ko da ya ke tunku da maciji da kyanwar daji duk suna wannan sana'a, su kuwa ba su da mai su balle a kai ƙara. Mutumin da aka san kyanwarsa a rufe ta ke kwana, ba a kai shi zaure. Mai kaji kuma a tambaye shi, akurkinsa yana da murfi?

Wani zai ce, to, a sa ta ɗaki mana ta kwana da mu. Wannan ma ban ba da shawararsa ba, sai fa inda ɗakin ɗaya ne tak, buhunan kuma suna ciki. Kyanwa tana son ɗumi, ta kan hau jikin jariri ta kwanta. Ta kan kawo ƙuma. In ta yi kamu ta kan jawo ɓeran ta ajiye a kan tabarma, shi kuwa mataccen ɓera ba abin taɓawa da hannu ba ne. A ɗauke shi da shebur ko da leda a hannu, a binne da zurfi ko a ƙone, a wanke wurin da hannu da sabulu. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da kyanwa mai farauta ta kan ɗauka daga ɓera, ta fita a kashinta. Ba ta cika yi wa mai lafiya kome ba, amma in mace ta kamu da ita sa'ad da ta ke da ciki, ta kan lahanta idon jariri ko ƙwaƙwalwarsa. Ƙwayar ba ta zama mai kamu sai kashin ya kwana ɗaya ko fiye, saboda haka a riƙa kwashe shi kullum, kada kuma mai ciki ta zama mai kwashewa. Inda ba makawa sai ta kwana ɗaki ɗaya da mutane, a sa jariri cikin gidan sauro a soke bakinsa.

Na san akwai wata magana da za ta taso a zaurukanku, malamanmu kuwa sun fi ni saninta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi na kanta ba. Wani zai ji wannan ya ce rufe kyanwa zunubi ne. A duba labarin da kyau. Laifin matar nan tsarewa ce tare da yunwa har mutuwa. Wanda ya ba kyanwarsa abinci da ruwa da magariba, ya buɗe mata da asuba, ina ya haɗu da ita? Wanda ya kamata labarin ya tsorata shi ne mai cewa kada a ba ta abinci don ta fi kama ɓera. Wannan kuskure ne ko ta fuskar aiki. Farauta halin kyanwa ne, tana yi ko a ƙoshe ta ke. Yunwa kuwa ta kan koya mata satar 'yan tsaki da buɗe tukunyar maƙwabta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an ruwaito cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu, saboda haka ba abin ƙyama a zamanta kusa da abinci, in an tsare tsabta.

Yadda za a yi ba shi da wuya, ko da ya ke ba zan ce katanga tana tsare kyanwa ba, kowa ya ga yadda ta ke hawa. Dabarar tana ga ciki. A ba ta abincin dare a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum, bayan magariba, a ɗakin ajiya ko shagon da hatsi ya ke. A sa mata ruwa, da kasko cike da rairayi ko toka a kusurwa nesa da buhuna, a ja ƙofa. Cikin 'yan kwanaki ita da kanta za ta riƙa jira a bakin ƙofar. Gidan da ba ɗakin ajiya, rumbu yana tsakar gida, a ba ta abincin a gindin rumbun. Za ta fita wani lokaci, amma ba kamar mayunwaciya ba.

Abin da ya fi fitar da su shi ne barbara. Kukan nan da ke hana unguwa barci ke nan. Mace ta kan fara ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin mako tara ne, ta kan kuwa haihu sau biyu ko uku a shekara. Daga nan a ke samun 'ya'yan da a ke zubarwa a juji, su tashi ba su da mai su. Likitan dabbobi yana iya fiɗiye muzuru, ya yi wa mace aikin hana haihuwa, daga nan yawo da faɗa su ragu ƙwarai. A nemi ofishin dabbobi a Gusau, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kada wani ya gwada yi wa muzuru irin dandaƙar bunsuru a gida. A wurinsu kuma za a yi mata allurar rigakafin haukan kare tun tana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda suka faɗa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924, tana cikin masu yin wannan allura.

Amma fa kada a ɗora wa kyanwa kayan da ya fi ƙarfinta. A 2017 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a gidajen manoma 40 a ƙasar Eswatini, kudancin Afirka. An raba su kashi huɗu: masu kyanwa, masu kare, masu duka biyu, da marasa ko ɗaya. Inda zirga-zirgar ɓeraye ta ragu sosai shi ne inda kyanwa da kare su ke tare. Kyanwa ita kaɗai ba ta kai haka ba. Ban ce kowa ya je ya nemo kare ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, dabbar da ke haihuwar goma cikin kwana 23 ba kyanwa ɗaya ce za ta ƙarar da ita ba, balle gafiya, wadda kyanwoyi da yawa su ke gani su kau da kai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hatsin da aka ɗura a gangar ƙarfe mai murfi ya fi ƙarfin haƙorinsa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashen nan tun 2007, yana kashe ƙwaron wake, amma ɓera yana iya huda shi, saboda haka a ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango. A toshe ramukan gindin ɗaki. A share ƙarƙashin rumbu, a bar shi a fili yadda kyanwa za ta iya shiga. A rufe randa da kwanon tuwo. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, gama Buhari ya ruwaito umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na a rufe ƙorai da ƙofofi a kashe fitila in za a kwanta, har aka ambaci ɓera da sunan mai jan lagwani ya ƙone gida.

Malamai, ga naku aikin. Ina roƙo kowane ofishin hakimi ya ware shafi a littafinsa domin cizon dabba. A rubuta rana, da unguwa, da irin dabbar, da ko tana da mai ita. Wanda kare ko kyanwa ta ciza ko ta yaƙusa har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15 cur, a kai shi asibiti ran nan, ba sai an ga yadda hali zai yi ba. Dabbar kuwa in tana da mai ita, kada a yi gaggawar kashe ta. A tsare ta kwana 10 ana ba ta abinci, malamin dabbobi yana dubawa, gama abin da ya same ta cikin kwanakin nan shi zai nuna wa likita inda aka dosa. In kyanwoyi ko kaji suka mutu da yawa a unguwa ɗaya, a rubuta, a aika. Haka kuma wanda zazzaɓi ya kama, ya sha maganin cizon sauro kwana uku bai sauka ba, balle in akwai ciwon maƙogwaro ko jini, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, a kai shi babban asibitin Bungudu ko Asibitin Tarayya na Gusau. Maganin da a ke ba masu Lassa ya fi aiki in an fara shi cikin kwana shida na farko. Masu jinyarsa a gida kada su taɓa jininsa ko fitsarinsa da hannu tsirara.

Lokacin isar da wannan saƙo ga dagatai da masu unguwanni shi ne kafin a shigo da gero da dawa, ba bayan buhuna sun cika ɗaki ba. In kun yarda, a roƙi limamai su faɗa ran Jumma'a, mai shela ya faɗa ran kasuwa, duba-gari kuma in ya shiga gida ya tambayi inda hatsi ya ke kwana, da inda kyanwa ta ke kwana.

Ranku shi daɗe, iyakar abin da aka aiko ni da shi ke nan. In da tambaya, ga ni.